Kunun Kanwa da Balan-balan

Ni na dafa ruwan, ni kuma na dama kunun. Gara in faɗi wannan tun farko, kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman wanda zai ɗora wa laifi. Duk lokacin da nake ba da labarin rasuwar ƙanwata da baki, daga asibiti nake farawa. In yi ta bayanin wata na'ura da muka nema ba mu samu ba, masu sauraro su girgiza kai su zagi ƙasar nan, ni ma in taya su. Zagin yana yi mini daɗi. Amma ba a asibiti abin ya fara ba. A bayan ɗakin mahaifiyarmu ya fara, a Argungu, inda muka kafa murhu.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna. Ni ce ta fari, ita ce auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu da maza uku. Ni na goya ta, ni na yi mata kitson farko, shi ya sa ban taɓa daina ganinta yarinya ba har ta girma ta fi ni tsawo. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, inda aure ya kai ni. Ita kuwa wani manomi ta aura a Gulma, mai shinkafa da damina, albasa da rani. Da kanta ta zaɓe shi, ta kuma toshe kunne da tsiyar da nake yi mata cewa ko turaren duniya ya shafa, warin albasa zai riga shi shiga ɗaki. Dariya kawai take yi, ta ce ai warin ne ke ciyar da ita.

Cikin bazara ta haihu, ɗa namiji, haihuwar fari. Bayan suna aka kawo ta gida wanka kamar yadda aka saba. Abin ya zo daidai da hutun makaranta, sai na kwaso 'yan kayana na taho taya Inna, don gwiwoyinta sun daina ɗaukar itace da ruwa. Ita ke ba da umarni daga kan tabarma, ni ke aikin.

Wankan jego a gidanmu ba wasa ba ne. Safe da yamma, kwana arba'in cur, ana tafasa ruwa a babbar tukunya har ya yi ta ɓararraka, a tsoma damin ganyen darbejiya a ciki, a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, tururi na tashi har ba ka ganin fuskarta. In ta fito a miƙa mata kunun kanwa da zafinsa, da gasasshen nama da ya sha yaji. Duk don kada sanyi ya shige ta, domin an ce jikin mai jego a buɗe yake, kuma wadda sanyi ya shiga kumbura take yi ta lalace. Inna ta yi suna a unguwarmu kan wannan aiki, har daga wasu gidaje ake zuwa a roƙe ta ta duba musu. Ni kaina sau huɗu na yi wankan a hannunta, na fito ina sheƙi, ko ciwon kai ban yi ba. To wa zai gaya mini wani abu?

Tun makon farko ƙanwata ta fara ƙorafi. Zafin garin kansa ya ishi mutum, ƙarfe bakwai na safe zufa ta riga ta jiƙa maka riga, ga kuma tururi.

"Yaya, don Allah ki surka ruwan ga kaɗan," ta ce da ni wata safiya. "Numhwashina ɗaukewa shikai."

"Raguwar banza," na ce. "Mu da munka yi huɗu ba mu mutu ba, sai ke da guda?"

Ta yi dariya, ta runtse ido, na ci gaba da fyaɗa mata ganye. Haka muke da ita tun tana ƙarama, baki na ba ya hutawa a kanta, ita kuma ba ta riƙe ni a zuci.

Wajen kwana na ashirin ƙafafunta suka kumbura. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ga wani busasshen tari. Da safe in na shiga tashe ta sai in same ta a zaune ta jingina da bango, ta ce in ta kwanta ji take kamar an ɗora mata buhu a ƙirji. Daga ɗaki zuwa wurin wanka bai fi taku goma ba, amma sai ta tsaya sau biyu ta dafa katanga.

Inna ta sa aka kawo mata ita kan tabarma, ta danna ƙafar, ta daɗe tana kallon ramin da yatsanta ya bari. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari, sai dai ta ce "ke".

"Ke, wanga kumburi sanyi na. Ruwan ga ba su tahwasa yadda ya kamata, kunun ga kuma ruwa-ruwa na, ba a jin kanwa. Kun bar ƙohwa buɗe, ya shige ta."

Maganar ta soke ni. Ni da nake taƙama da iya aiki, a ce wutata ce ba ta ci ba? Ranar ban ko ci abinci ba na shiga kasuwa, na zagaya masu kanwa ɗaya bayan ɗaya, ina ɗanɗana da harshe, har na zaɓo jar kanwa mai ƙarfi. Abin da nake sakawa a da na ninka shi. Kunun ya yi duhu, warinsa kaɗai yana hawa kai. Itace kuma na ƙara, na daina ko kusantar randa da niyyar surki. In na miƙa mata ƙwarya sai in tsaya a kanta, hannu a ƙugu, har sai na ga gindin ƙwaryar. Tana sha tana yamutsa fuska, ina ce mata magani ai ba ya daɗi.

Ni ce fa mai koya wa 'yan aji biyar cewa zuciya ɗaki huɗu gare ta, har in zana musu a allo da jan alli. Ko sau ɗaya ban haɗa zanen nan da ƙafar ƙanwata ba. Abin makaranta yana makaranta, abin gida yana gida.

Ranar wata Juma'a mijinta ya zo a babur, lokacin suna tsakiyar cirar albasa. Bai wuce zaure ba saboda kunyar Inna. Ta fito ta gaishe shi, ya ga yadda take haki, da ta koma ciki ya tsayar da ni.

"Yaya, ko mu kai ta asibiti a duba? Ban so yadda nig gane ta ba."

"Kai dai tahi ka ji da albasarka," na ce. "Harkar mata ta, mun san abin da mu kai."

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Mutum ne mai ladabi, ladabin nan nasa har yau ina jin haushinsa, da ya ɗaga mini murya ranar.

Kwana ashirin da bakwai da haihuwa, ina cikin fyaɗa mata ruwan safe, sai ta zame daga kan kujera ta faɗi a gefe. Na ɗago ta, idanunta a waje, tana jan iska kamar wadda aka tsamo daga gulbi, wani kumfa mai ja-ja yana fitowa ta bakinta. Ranar ban tsaya jin ta bakin Inna ba. Na aika aka samo mota, muka kai ta asibiti nan cikin gari, suka yi mata allura suka sa mata iskar numfashi, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Birnin Kebbi. Duk tsawon hanya a zaune take, kanta a jikin taga, ni ina riƙe da ita ina karanta duk abin da ya zo bakina. Mijinta ya same mu a can, ƙafafunsa duk laka.

Likitan da ya karɓe mu dattijo ne mai sanyin magana. Ya shafa mata wani mai a ƙirji ya ɗora irin na'urar da ake duba ciki da ita, ya juyo da allon wajena. Ban gane komai ba, inuwa kawai nake gani tana motsi. Sai ya dunƙule hannunsa ya matse da ƙarfi ya saki, ya ce haka lafiyayyar zuciya take yi. Ya sake dunƙulewa, wannan karon yatsun kawai ya ɗan motsa, ya ce tata ke nan. Ta buɗe, ta saki, ba ta iya tura jini. Ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma yana ganinsa da yawa a wannan yanki.

"Tana wankan jego?" ya tambaye ni.

Na ce tana yi.

"Da kunun kanwa?"

"E."

"Wa ke dama mata?"

"Ni ce."

"Kanwar da yawa?"

"Daidai misali," na ce. Ƙarya na yi masa ido da ido.

Bai matsa ba, ina jin ya saba jin amsar. Ya ce, "Malama, ba zan ce miki kanwa ce ta kawo ciwon ba, don har yanzu ba a gama sanin abin da ke kawo shi ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ruwa take tarawa a jiki. Ruwan zafi kuma sa zuciya gudu yake yi. Kumburin da kuka gani ba sanyi ba ne, ruwa ne da zuciyar ta kasa turawa. Daga yau ba kanwa, ba gishiri, ba wanka."

Na ce to. Na fito na tsaya a baranda ina lissafa ƙwaryar da na tsaya a kanta har ta shanye tun ranar da ƙafar ta kumbura, safe da yamma, kwana bakwai. Na so in yi kuka, ya ƙi zuwa. Haushi ne ya zo a madadinsa, na je na sauke shi a kan mai sharar ɗakin da ba ta yi mini komai ba.

Kwana uku na farko abin ya yi kamar zai yi kyau. Suna ba ta alluran da ke sa fitsari, kumburin ya ɗan saɓe, har ta ci tuwo marar gishiri tana ce mini wannan ai horo ne. Inna ta biyo mu da jaririn, ta shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya. Ban gaya mata abin da likita ya ce ba. Cewa kawai na yi zuciya ce ta gaji.

Rana ta uku da azahar na je alwala na dawo, sai na tarar da Inna zaune a bakin gado, ta tallafo kan ƙanwata, kofi a bakinta. Tun daga ƙofa na ji warin. Ashe ta roƙi wata mata a cikin gari ta dama mata, ta ɓoyo shi a fulas cikin zanen goyo. Ban san lokacin da na fizge kofin ba, na ɗauki fulas ɗin na fita na tuttular da shi a ƙasa. Na dawo ina faɗa, muryata har ɗakin maza. Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, a gaban baƙi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ni kika yi ma tsawa?"

"Likita ya hana, Inna."

"Likitan ya taɓa haihuwa? Ni nan goma nih haihwa, biyar sunka rayu, kuma ba wanda kanwa tak kashe. Kwana ukku ɗiyag ga ba ta ga ruwan zahi ba, ba ta sha kunu ba, kin zuba ido."

Maganar tana kan harshena. Amma in na ce kanwar ce ke cutar da ita, na ce ke nan Inna ce ta ba da umarni, ni na zartar. Na dubi tsohuwar nan da ta taho da gwiwoyinta masu ciwo don ta ceci 'yarta da abin da ta sani, na kasa. Na ce dokar asibiti ce, in aka kama mu za a kore mu. Ta ja tsaki ta koma baranda.

Daga rana ta biyar komai ya juya. Fitsarin ya tsaya. Aka mayar da ita wani ƙaramin ɗaki, aka rataya mata ruwa da magunguna masu ɗaga bugun zuciya, ma'aikaciyar jinya tana auna ta tana rubutawa. Hannayenta da ƙafafunta suka yi sanyi ƙalau, a cikin zafin da ko fanka iska mai zafi take hurawa. Inna ta shigo ta kama hannun, ta kamo nawa ta ɗora a kai.

"Taɓa ki ji. In ba sanyi ba, mi na na wanga?"

Hannun kuwa da sanyi. Daga baya na ji cewa jini ne ya daina isa can.

Da yamma likita ya kira ni da mijinta ofishinsa. Ya ce magungunan sun kai iyakarsu, zuciyar ba ta amsawa. Na tambaye shi da zafi, na ce yana nufin duk faɗin duniyar nan ba sauran abin da ake yi wa mutum in ya kai haka? Sai ya jawo wata takarda ya juya bayanta ya fara zane.

Ya ce akwai wani abu kamar balan-balan, siriri, dogo, bai fi kaurin yatsa ba in ya kumbura. Ana huda jijiyar jini a matsematsin cinya, a zura shi a kan wani siririn bututu har ya hau babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Ɗaya bakin bututun yana haɗe da inji a gefen gado, injin yana bin bugun zuciyar. In ta saki don ta huta, sai ya hura balan-balan ɗin ya tura jini gaba da baya, har ita zuciyar ta samu nata rabon. In za ta matsa, sai ya tsotse iskar ya ba ta wuri, ta tura jinin ba da wahala ba. Haka zai yi ta yi, bugu bayan bugu.

Mijinta ya riga ni ganewa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jan ruwa da inji daga rijiyar fadama zuwa kwamin albasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na ga fuskarsa ta washe, karo na farko cikin kwanaki.

"Likita, ina aka sai da shi? In tahi yanzu in kawo."

Likita ya ce ba a nan take ba. Ba injin kaɗai ba ne. Sai da ɗakin da ake ganin cikin jiki yayin da ake zura shi, da mutanen da suka iya, waɗanda za su zauna a kansa ba ɗagawa, da wutar da ba ta yankewa. Ya ce shi kansa a wurin da ya yi ƙarin karatu ya ga ana sa shi, a nan kusa bai san inda ake yi ba, sai dai a gwada manyan asibitocin Abuja ko Legas. Sannan ya ce kada mu ɗauka magani ne. Hutu kawai yake ba zuciya na 'yan kwanaki. Wasu matan masu irin wannan ciwo in suka samu kwanakin zuciyarsu takan farfaɗo, wasu kuma ko an sa ba ta farfaɗowa.

"To don me ka gaya mana?" na ce. "Ka nuna mana abu a takarda, ka ce babu?"

"Kin tambaye ni ne, Malama. Ban so in yi miki ƙarya."

Kwana biyu na yi ina neman balan-balan. A bakin ƙofar asibitin akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu mai sayar da kayan asibiti, ya tsufa a Birnin Kebbi, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Da na nuna masa zanen likita ya rufe shagonsa rabi, ya zauna ya yi ta kiran 'yan'uwansa da abokan cinikinsa. Wani wuri aka ce suna da injin amma balan-balan ɗin ya ƙare, sai an yi oda daga waje. Wani wuri aka ce mai sa shi ya bar ƙasar. Wani wurin ba su ma san abin da ake magana ba. A rana ta biyu aka samu wani asibiti a Legas da suka ce a kawo ta su gani.

Da gudu na je wa likita da labarin, har ɗankwalina na faɗuwa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce macen da ba ta iya kwanciya, wadda in an cire mata iskar numfashi na minti biyu leɓɓanta suke yin baƙi, ba za ta kai Yawuri ba, balle Legas. Na ce jirgi fa? Ya ce ko daga gadon zuwa mota yana tsoro. Na gaya masa maganganun da bai cancanta ba. Ya bar ni na gama, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Duk da haka ban daina ba. Na samo hoton abin mai motsi a waya, na zauna ina kallonsa yana kumbura yana saɓewa, na maimaita ya fi a ƙirga. Na san sunan iskar da ake hura shi da ita, na san dole ƙafar majinyaci ta zauna a miƙe. Na zama gwana a kan abin da ban taɓa gani da idona ba. Yanzu na san dalili. Muddin ina tunanin abin da babu a Birnin Kebbi, ba na tunanin abin da na sayo a kasuwar Argungu.

Ƙanwata ta ji muna ƙus-ƙus da mijinta. Da ya fita ta yafito ni, ta ɗaga abin da ke hancinta kaɗan.

"Yaya, wane balan-balan na nij ji kuna zance?"

Na yi mata bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji, har da hannu.

"Irin na yara ran Salla?"

"Dogo dai, siriri."

Ta yi murmushi. "Ku bar wahal da kanku. Kawo man yaron."

Tunda ta haihu take kunyar ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban Inna sai in za ta ba shi nono, ko kallonsa a sace take yi. Ranar a gaban Inna ta karɓe shi, ta ɗora shi a ƙirji, ta sa hanci a kansa tana shaƙa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Inna ta kau da kai. Bai yi minti biyar ba ta ce in ɗauke shi, ya yi mata nauyi. Yaron da bai cika kwana arba'in ba.

Da Inna ta fita da shi, ta kamo bakin mayafina.

"Yaya, kunun nan naki na baya-bayan nan ɗaci garai, wallahi. Don kar ki yi hushi ni ka shanyewa."

Tsokana take yi, na ga alamar dariya a idonta. Ko ta ji abin da likita ya gaya mini, ko ba ta ji ba, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Nan ne ya kamata in durƙusa in ce ta yafe mini. Sai na gyara mata abin hancin, na ce ta yi shiru ta daina ɓarnar numfashi. Abin da na ce mata ke nan.

Washegari bayan la'asar ta cika, kwana talatin da shida da haihuwa. Mijinta na riƙe da ƙafarta, ni ina tofa mata addu'a. Ba ta yi wata magana ba. Muka ɗauko ta zuwa Argungu, aka yi mata sutura kafin magariba. Tukunyar wankan tana nan a kan murhu yadda na bar ta, da ruwa a ciki, sai wata maƙwabciya ce ta zubar.

Yaron yana hannuna yanzu, tare da nawa yake tashi. Ubansa yakan zo duk ƙarshen wata da shinkafa, ya zauna a zaure ya ɗora shi a cinya. Bai taɓa tuna mini ranar Juma'ar nan ba, ko da wasa, har yau kuma Yaya yake ce mini.

Da damina ta faɗi na kai wa Inna yaron ta gan shi. Na same ta ta rame, tana zaune a ƙofar ɗaki da faranti a gabanta, tana farfasa kanwa da dutse. 'Yar maƙwabta ce ta haihu, aka aiko a auna musu yadda za su riƙa sakawa, don har yanzu ba wanda ya kai ta sani a unguwar. Ta karɓi jikanta ta yi masa wasa, ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kwana goma sha ukku ya rage mata ta cika arba'in kika ɗauke ta. Da kin bar man ita na gama gasa ta, da wanga yaro bai zama maraya ba." Ta share ido da bakin zane. "Ban riƙe ki ba. Tsoro kika ji, ke kuma 'yar boko ta. Na yahe maki duniya da lahira."

Na buɗe baki. Shekarunta sun haura sittin, abu ɗaya ya rage mata da take tsaye a kansa, wato ita dai ta yi wa 'yarta daidai. Na ce, "Na gode, Inna."

Ta ƙulle kanwar a leda ta miƙo mini, ta ce in kai musu tunda ƙafarta ba ta zuwa, in kuma ce kada su yi rowarta, yarinyar ƙafafunta sun ɗan tasa. Na karɓa na fita. A lungu na tsaya na kwance ledar, na ɗebi rabi na watsa bayan katanga. Na daɗe a tsaye a wurin. Rabin kuma na kai musu.